Makirfo Ya Yi Mini Kwarjini: Amsoshin Tambayoyinku Kan Aikin Murya

Tambayoyin wannan fitowar sun zo ne daga masu son shiga aikin murya: karanta talla a rediyo, wasan kwaikwayon rediyo, ɗora murya a kan fina-finan da ake fassarawa, da karanta littafi don masu sauraro. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun rage su.

Daga wani mai karatu a Funtuwa: Assalamu alaikum. In ina majalisa ina kwaikwayon muryoyi har abokaina su riƙe ciki don dariya. Amma ranar da aka kai ni sutudiyo gwaji, ana cewa "bismilla, fara", sai yawuna ya ƙafe, muryata ta kama rawa, numfashi ya ƙare mini a tsakiyar jimla. Ko dai ba ni da baiwar ne?

Wa'alaikumus salam. Malam, abin da ya same ka aikin jiki ne, kuma yana da bayani. Idan gaban mutum ya faɗi, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, yawu ya ragu, numfashi ya dawo sama-sama a ƙirji, wuya da muƙamuƙi su ɗaure. Ita kuwa murya iska ce da take bi ta tsakanin wasu tantani guda biyu a maƙogwaro tana kaɗa su, kimanin sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, wajen sau 200 ga mace. In iskar tana fitowa a yanyanke, dole sautin ma ya fito a yanyanke. Rawar muryar ke nan. Gyaran yana wajen numfashi, kuma tun daga gida ake fara shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kwanta rigingine, ka ɗora littafi mai ɗan nauyi a kan cibiyarka. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka ga littafin ya ɗaga, kafaɗarka ba ta motsa ba. Sai ka sake ta ta baki da sautin "sss" kana ƙirga takwas. Sau goma da safe, sau goma da dare. Bayan mako ɗaya ka koma yinsa a tsaye, hannu ɗaya a kan ciki. Dalilin da ya sa fitarwar ta fi shaƙar tsawo shi ne ita ce take sassauta bugun zuciya. In ka ji jiri, dakata, kana yi da ƙarfi ne fiye da kima. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya cika ƙirji fam kafin ya buɗe baki, wai don kada iska ta ƙare masa. Sai kalmar farko ta fito kamar an fasa taya, maƙogwaro ya ƙara shaƙewa. Iskar da za ta kai ka ƙarshen jimla ɗaya ita kaɗai kake bukata.

Ranar aiki ka isa da kamar minti 20 kafin lokaci. Ka samu lungu ka ɗumama murya na minti biyar zuwa goma: gunji a hankali da baki rufe, "mmm", har ka ji leɓenka yana ɗan kaɗawa, sannan "brrr" da leɓe irin na yaro mai kwaikwayon babur, sannan karya-harshe irin wanda muka taso da shi, "kura ture turmi, turmi ture kura", a hankali tukuna kafin sauri. A gaban makirfo ka tsaya a kan ƙafa biyu, kada ka sandare gwiwa. Takarda kuma kada ka riƙe ta a hannu. Hannu mai rawa yana sa ta ƙara, makirfo ya ɗauka, kai kuma ganin tana kaɗawa ya ƙara firgita ka. Jingina ta daidai da idonka, domin sunkuyar da kai yana matse maƙogwaro.

Akwai kuma wani abu da majalisa take ba ka wanda sutudiyo ba ya bayarwa: fuskar da kake yi wa magana. A cikin ɗakin ɗaukar murya babu kowa gabanka sai ƙarfe. To ka zaɓi mutum ɗaya takamaimai, abokinka mai saurin dariya ko gwaggonka da ba ta yarda da talla, ka sa shi a ranka a bayan makirfon, ka yi masa magana shi kaɗai. Wanda ya ce zai yi wa "masu sauraro" magana yakan koma ihu ko waƙar karatu.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi sauran aiki: kullum ka danna jan maɓallin naɗa a wayarka, ka karanta wani abu na minti biyu, har kwana 30 a jere. Yawancin fargabar a jikin maɓallin nan take. Wanda ya danna shi sau 30 a ɗakinsa, na 31 ba zai kayar masa da gaba kamar na farko ba.

Daga wata mai karatu a Zariya: Duk sanda na saurari muryata da na naɗa sai in ji kunya ta rufe ni. Siririya ce kamar ta yarinya, ba haka nake jin ta ba in ina magana. Sai in goge.

Malama, kusan kowa haka yake ji. Lokacin da kike magana, sauti yana isa kunnenki ta hanya biyu: ta iska, da kuma ta ƙashin kanki. Ƙashi ya fi kai sauti mai kauri, shi ya sa kike jin muryarki cike. Makirfo kuwa na iska kaɗai yake ɗauka. Wannan siririyar muryar ita ce mutanen gidanku suka sani tun kina ƙarama, kuma ba wanda ya taɓa gudu.

Ki daina gogewa, kuma ki daina sauraro nan take. Ki bari ya kwana. Washegari ki saurara da biro a hannu, ki amsa tambaya uku kawai: wace kalma ce ba ta fito ba, ina na yi sauri, ina numfashi ya yanke mini magana. "Muryata ba daɗi" ba ya cikin lissafi, don ba abin da za ki iya gyarawa a ciki. Ki ajiye naɗin ranar farko, ki kwatanta shi da na bayan wata ɗaya. Kada kuma ki danne murya don ta yi kauri; maƙogwaro zai gaji cikin minti kaɗan, kuma kunne yana gane ta aro ce. Masu shirya wasan rediyo da masu fassarar fim kullum suna neman babbar mace mai muryar da za ta iya fitowa a yarinya ko ƙaramin yaro, domin yara ba sa jure zaman sutudiyo.

Daga wani ɗalibi a Kano: Ni matsalata karatu. Hausa ce yarena, amma in aka miƙo mini takarda sai in yi ta tuntuɓe kamar baƙo. Da na yi kuskure ɗaya shi ke nan na daburce.

Ƙanina, rabin laifin na rubutun ne. Bokon Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Mafi haɗari shi ne irin "ya tafi": yana iya zama labari ne cewa mutumin ya riga ya wuce, yana iya zama umarni ne, a ce masa ya tafi. Sai ka kai ƙarshen jimla kafin ka gane wanne ake nufi, alhali bakinka ya riga ya furta. Ga shi kuma yawancin rubutun da ake miƙa wa masu murya a waya aka buga shi, babu ƙugiya a kan ɓ, ɗ da ƙ. Sai ka tarar da "kasa" ba ka san ƙasa ce ko gazawa ba, "daga" ko "ɗaga", "kafa" ko "ƙafa". Mutum yana iya shekara 20 yana Hausa ya faɗi a nan.

Saboda haka kada ka yarda ka karanta abin da ba ka bi da biro ba. Ka nemi minti goma, ba wanda zai ga laifinka. Karanta shi a zuci sau ɗaya don ma'ana. Karo na biyu ka mayar da ƙugiyoyin da aka zubar, ka ja layi a kan wasalin da ke da tsawo a duk kalmar da za ta iya rikita ka. Ka sa alamar sanda ɗaya (/) a inda za ka ɗan tsaya, sanda biyu (//) a inda za ka ja numfashi. A kowace jimla ka ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya tak da za ka danna; in ka danna uku, ba ka danna ko ɗaya ba. Lambobi da kuɗi ka rubuta su da kalmomi a gefe. Wanda ya ga 2,750 a tsakiyar talla yakan tsaya lissafi, amma "dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin" karantawa kawai zai yi. Sunan kamfani ko na magani kuwa ka tambayi mai aikin yadda yake son a faɗe shi tun kafin a kunna na'ura. Sannan ka karanta a bayyane sau biyu.

Ka auna da agogo. Talla ta daƙiƙa 30 galibi ba ta ɗaukar fiye da kalma 70 zuwa 80 in ana son a fahimta. In an ba ka 110, tuntuɓen ba naka ba ne, kuma da ladabi kana iya cewa a rage.

In ka yi kuskure ana cikin ɗauka, kada ka ce "kai!" ko "yi haƙuri", kada ka yi tsaki. Yi shiru daƙiƙa biyu, ka koma farkon jimlar da irin muryar da kake kai. Shirun nan shi ne yake ba mai tace sauti wurin yanka. Naɗi ba shiri ne na kai tsaye ba, kuma tallar da kake ji a rediyo sumul sau da yawa ɗinki ce daga ɗauka uku ko huɗu.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Ina tsoron a yi mini dariya saboda harshena. Mu "tahi" muke cewa, ba "tafi" ba.

Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma ita ake bukata a labarai da yawancin tallar da za ta zagaya ko'ina. Wannan koyonta ake yi kamar kowane aiki: ka naɗi minti ɗaya na mai karanta labarai, ka rubuta abin da ya faɗa, ka bi shi jimla-jimla, ka naɗi naka, ka kwatanta. Ka fitar da jerin kalmomi 20 da bakinka ya fi komawa gida a kansu, ka riƙa bin su kullum. Amma kada ka yar da naka. Wasan kwaikwayo yana bukatar Basakkwace da Bakatsine da Badamagare na gaske, kuma tallar da aka yi don kasuwar Maraɗi ko Birnin Ƙonni ta fi shiga da harshen wurin. Bakano mai kwaikwayon Sakkwatanci yakan tsaya a "mi" da "awo" ya ƙare, ɗan gida kuwa da jimla ɗaya ake gane shi. Abin da ke ɓata aiki shi ne gauraya: ka fara da "tafi" ka ƙare da "tahi" a bakin mutum ɗaya. Ka tambayi darakta wanne yake so, ka tsaya a kai.

Daga wata mai karatu a Kaduna: An gwada ni a ɗora murya a kan fim. Da aka zo wurin kuka sai na kasa, ga maza uku zaune suna kallona ta gilashi. Kuma bakina ba ya tafiya daidai da na 'yar wasan.

'Yar'uwa, Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, amma a sutudiyo tare suke zuwa. Matsalarki uku ce: kallo, kuka da daidaita baki, kowace da maganinta.

Ta kallo mai sauƙi ce. Kina da damar ki roƙi a juya makirfo ki ba gilashi baya, ko a rage fitila, ko waɗanda ba su da aiki a wurin su ɗan fita. Injiniyan sauti kunnensa yake bukata, ba idonsa ba. In zuwa da 'yar rakiya zai kwantar miki da hankali, ki faɗa tun ranar da ake sa lokaci.

Kuka a makirfo kuwa ba ya bukatar hawaye. Da numfashi ake gina shi: shaƙa gajeru biyu ko uku a jere ta baki, riƙewa kaɗan, sannan magana a kan iskar da ta rage, ana barin ƙarshen kalma ya karye. Mutumin da yake ƙoƙarin danne kuka ya fi taɓa zuciya fiye da mai rusa shi, kuma ya fi sauƙin yi. Ki bar fuskarki da kafaɗarki su yi abin da 'yar wasan take yi, don murya tana bin jiki. Ko murmushi ana jin sa a rediyo. Ƙafa dai ta tsaya wuri ɗaya, kuma a cire awarwaro da mayafi mai ƙara. In wurin ihu ne, ki gaya wa injiniya ya rage ƙarfin makirfo, ki ja baya kamar taku ɗaya, kuma a bar shi zuwa ƙarshen zama don kada murya ta dushe da sauran aiki a gaba.

Daidaita baki kuma ido ne da maimaici. Ki kalli guntun sau uku kafin ki ce uffan: na farko don labarin, na biyu ki lura da inda ta ja numfashi, na uku ki motsa baki ba sauti. Numfashinta shi ne alamar shigarki, ba buɗe bakinta ba. In kika jira baki ya buɗe kin makara. Mai kallo ya fi lura da farkon magana, da ƙarshenta, da wuraren da leɓe ya haɗu, wato "b" da "m". In waɗannan sun zauna, tsakiya tana wucewa. In fassarar ta fi bakin tsawo, kada ki yi gudu don ki cusa ta, a rage kalma. "Ban san abin da zan gaya maka ba" tana iya komawa "Me zan ce?" ba a rasa komai ba. Ki fara da guntaye na daƙiƙa biyar zuwa goma, a gida ma kina iya yi: kashe sautin kowane fim a waya, ki ɗora naki.

Daga wani mai karatu a Gombe: Ba ni da kayan aiki sai waya. Ina jin nauyin tura wa mutane abin da na naɗa.

Waya ta isa koyo, ta isa samfurin farko, wato gajeren naɗin da za ka tura wa masu ba da aiki su ji muryarka. Ɗaki ne yake tona asiri. Bango da siminti da tayil suna mayar da sauti, sai a ji ka kamar daga cikin rijiya. Ka shiga ɗakin da ya fi kaya: katifa, labule, darduma. Ka buɗe durowar tufafi ka fuskanci kayan, ka rataya bargo a bayanka. Tafa hannu sau ɗaya. In ka ji amsa-kuwwa, ƙara bargo. Kashe fanka da firji, ka sa wayar a yanayin jirgi, ka zaɓi lokacin da janareton maƙwabta da 'yan A Daidaita Sahu suka lafa.

Tsakanin bakinka da wayar ya zama kamar santimita 15 zuwa 20, ɗani ɗaya ke nan, kuma ka ɗan karkatar da ita gefen baki don iskar "f" da "t" kada ta buge ta. Safa mai shara-shara da aka ɗaura a zoben waya tana tare wannan iskar. Jingina wayar a kan littattafai, kada ka riƙe. In kana da kwamfuta, manhajar naɗa da tace sauti ta Audacity kyauta ce. Ka naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, ka lura ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar yana kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa sifili, don sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka bar daƙiƙa biyar na shiru a farko saboda mai tacewa. Wurin turawa, kada ka yi amfani da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti. Tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato "Document".

Samfurin kada ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi: guntaye huɗu ko biyar, talla, labari, muryar wasa biyu, mafi kyau a farko. Sunanka a taƙaice, ba doguwar gaisuwa, ba kiɗan da zai rufe murya.

Daga wani mai karatu a Katsina: Darakta ya sa na maimaita layi ɗaya sau 12. Na fito jikina a sanyaye, ban sake komawa ba.

Da ya fid da rai da kai, da a na uku ya sallame ka. Lokacin sutudiyo kuɗi ne, ba a ɓata shi a kan wanda ba a sa ran zai kawo. Kuma "sake" ba kullum naka ba ne: babur ya wuce, ciki ya yi ƙugi, ko ana son iri biyu a zaɓa. Inda sababbi suke faɗuwa shi ne su maimaita abu ɗaya sak, sai dai da ƙarin tsoro. In an ce sake, ka tambaya: sauri ko a hankali, wace kalma zan danna, wa nake yi wa magana? In bayanin bai fito ba, ka ba da iri uku a jere, ɗaya a sanyaye, ɗaya da zafi, ɗaya tsaka-tsaki, ya zaɓa. Bayan ɗauka biyar ko shida kunne da baki sukan gaji, ka nemi minti biyu ka kurɓi ruwa. Wannan duk daban yake da zagi ko wulaƙanci, wanda ba ya cikin aiki. Ka koma, Malam, kuma kafin ka fara ka ji nawa za a biya, da inda za a sa muryar, da tsawon lokacin da za a yi ana amfani da ita.

Daga wata mai karatu a Damagaram: Muryata tana dushewa da hunturu, sai in ji tsoron karɓar aiki.

Busasshiyar iska da ƙura suna busar da tantanin murya. Ruwan da kika sha ba ya bi ta kansu, sai ya zagaya jiki tukuna, don haka tun awa biyu ko uku kafin aiki za ki fara sha, ba a bakin ƙofa ba. Tururin ruwan zafi na minti biyar zuwa goma shi yana isa kai tsaye. Ki rufe hanci da baki a hanya. Ki guji yawan gyaran murya da kakari, haɗiyar yawu ko kurɓar ruwa ta fi. Raɗa ma tana gajiyar da murya, in hutu kike so ki yi shiru gaba ɗaya. Fura da nono ko abu mai maiƙo daf da ɗauka yana sa baki ya riƙa danƙo, makirfo kuma yana jin sa. Da azumi ki nemi a sa miki aiki bayan shan ruwa da kamar awa biyu. Idan dushewar ta wuce mako uku, ko akwai zafi wajen haɗiya ko jini a majina, ki bar jiƙe-jiƙe ki ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.